Bindigar soja cikin kayan gado: yadda ake gane ta da yadda ake bi da ita wajen hukuma a Maraɗi

A gidajen tsofaffin sojoji da jandarmomi, ba abin mamaki ba ne ranar da aka zo ƙidayar kayan mamaci a buɗe akwatin ƙarfe a tarar da ƙaramar bindiga naɗe cikin tsumma mai maiƙo, ƙarƙashin kaki da lambobin yabo. Maraɗi tana da irin waɗannan gidaje da dama. Akwai iyayen da Faransa ta ɗiba zuwa yaƙin duniya na biyu, akwai waɗanda suka je Indoshin, wato yankin Biyetnam da maƙwabtanta, tsakanin 1946 da 1954, da waɗanda suka yi yaƙin Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, sannan ga waɗanda suka shiga rundunar ƙasa bayan an kafa ta a 1961. Kuma da yake dangi ɗaya ne daga nan har Jibiya da Katsina, wani gidan kakansu sojan Ingila ne da ya yi yaƙin Bama.

Abin da nake so magada su riƙe tun daga farko shi ne: ana iya tarar da bindiga cikin gado, amma izinin riƙe ta ba a gadonsa. Kamar mota ce. Ka gaji motar mahaifinka, amma permi ɗinsa ba ya zama naka. Ko da marigayin yana da takarda cikakkiya, da sunansa aka ba shi, kuma ta ƙare ran da ya rasu. Daga wannan rana duk wanda bindigar ke ɗakinsa shi za a tambaya. A jihar da mutanen Madarunfa da Gabi da Gidan Runji suka sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, jami'in da ya ga makami ba takarda ba zai fara da tarihin kakanka ba.

Kafin ka taɓa ta

Ka ɗauka a ɗure take. Ko wa ya ce maka ya san babu komai ciki, kada ka yarda. A fitar da yara daga ɗakin, a rage 'yan kallo. In dole ne a ɗaga ta, a riƙe ta ta mariƙi, yatsa nesa da kunama, bakinta na kallon ƙasa ko katangar da babu kowa bayanta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Wannan hani ya shafi tsohuwar bindiga mai tsatsa kamar yadda ya shafi sabuwa.

Inda mutane suka fi halaka shi ne wajen gidan harsasai. Sai a zare shi daga gindin mariƙi a ce an kwashe, alhali harsashi ɗaya yana nan zaune cikin bututu. Wanda bai taɓa koyon makami ba ya bar ta yadda ya same ta, ya mayar cikin akwati ya sa kwaɗo, makulli ya zauna hannun mutum ɗaya. Kwashe harsashi aikin jami'i ne.

In kuma a akwatin akwai gurneti, ko wani dunƙulen ƙarfe mai zobe da ba a san ko mene ne ba, to maganar ta canja. Ba a ɗaga akwatin, ba a jan sa. A rufe ɗakin, a fita, a kira 'yan sanda ko jandarma nan take.

Kada a gwada harba ta, ko a bayan gari ko ranar biki. Ƙarfen da ya shekara saba'in ko ɗari yana iya tsagewa a hannu, kuma tsohon harsashi yakan yi jinkiri kafin ya tashi, mutum ya juyo bakin yana dubawa sannan ya fita.

Gane ko wace iri ce

A nan ake bukatar natsuwa, don abin da ke rubuce jikin ƙarfen shi ne zai nuna inda maganar za ta ƙare. A shimfiɗa farin ƙyalle a wuri mai haske, a ɗora ta, a ɗauki hoto da waya: gefen dama, gefen hagu, sama, gindin mariƙi, sannan kowane rubutu a matso kusa. In tsatsa ko dattin maiƙo ya rufe rubutu, a shafa da tsumma mai ɗan man keke, a haska fitilar waya ta gefe, harufan za su fito da inuwa. Ban da yashi, ban da goga ta ƙarfe, ban da kai wa maƙeri ko mai walda. Lambar da aka buga jikinta ita ce shaidarta. Bindigar da lambarta ta kankare, ko da wajen goge tsatsa ne, hukuma tana kallonta a matsayin wadda aka ɓata da gangan don a ɓoye asalinta.

Da farko a duba siffa. In akwai wani dunƙule mai ramuka a tsakiya da ke juyawa, libarba ce. In kuwa shafaffiya ce, harsasai na shiga ta cikin mariƙi, to pistole ce mai ɗura kanta.

A nan ƙasar, ta Faransa aka fi tararwa. Tsohuwar libarbar sojan Faransa ana gane ta da rubutun Mle 1892 a bayan bututu, da sunan masana'antar gwamnati ta garin St Etienne a gefe cikin rubutun hannu mai lanƙwasa. Tana cin harsashi 6 mai milimita 8, ma'ajiyar harsashinta tana buɗewa ne ta dama, saɓanin yawancin libarba, kuma akwai zobe a gindinta na ɗaura igiya. Jikin bututun za ka ga harafin S da shekara, misali S 1915. Wannan ita ce shekarar ƙirar bututun. 1892 sunan samfurin ne kawai, kuma an ci gaba da ƙera ta har 1924, don haka kada a ce wa jami'i tun 1892 take. Akwai yayarta ta 1873, mai nauyi, farin ƙarfe ba a baƙanta shi ba, mai harsashin milimita 11.

Sai wadda ake kira Ruby, gajeriya mai kauri, mai nauyi fiye da girmanta. Ba a Faransa aka yi ta ba. Daga 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, Faransa ta saya da yawa daga maƙeran yankin Eibar na ƙasar Sifen. Tana cin harsashi 9 mai lamba 7,65. Masana'antu da yawa suka yi ta, kuma gidan harsasan wannan ba lalle ya shiga waccan ba, shi ya sa aka buga harufa ɗaya ko biyu cikin ɗan da'ira a baya ta hagu, aka kuma buga irinsu a gindin gidan harsasai. A ɗauki hoton duka biyun.

Sojan Indoshin da Aljeriya ya fi dawowa da samfurin 1935 A, siririya mai baƙin fenti da harufan S.A.C.M., ko 'yar'uwarta 1935 S. Duka biyun harsashinsu 7,65 ne mai tsawo, wanda ba ɗaya ba ne da na Ruby ko da lambar ta yi kama. Bayansu sai samfurin 1950, mai harufan MAC ko MAS, mariƙinta baƙar roba mai zane a kwance, harsashinta milimita 9. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi bukatar lura, don ta daɗe a hannun rundunonin ƙasashen da Faransa ta mulka bayan samun 'yanci. In ita ce a akwatinku, akwai yiwuwar ta fito ne daga ma'ajiyar makaman gwamnati, kuma lambarta tana cikin wani rajista. Haka ma mai harufan MAB, ƙirar garin Bayonne, wadda 'yan sanda da jandarmomi suka riƙe.

Ta ɓangaren Ingila, libarbar Webley da ta Enfield suna karyewa ne ta sama, bututun ya sunkuya ƙasa ramukan su bayyana. Alamar da za a nema ita ce 'yar kibiya mai ƙafa uku, hatimin da gwamnatin Ingila ke bugawa kan kayanta. Mai rubutun Fabrique Nationale da Herstal ta Beljiyam ce. Mai rubutun United States Property ta sojan Amurka ce, kuma Faransa ta yi aiki da irinta a Indoshin. Mai rubutun P.38 ƙirar Jamus ce. In ta zamanin yaƙi ce, maimakon sunan masana'anta za a ga ƙananan harufa ac, byf ko cyq.

Akwai iri biyu da ya kamata su sa magada su daina kiran abin tsohuwar bindigar kaka. Na ɗaya, mai tauraro a mariƙi, wato Tokarev ko Makarov, ƙirar Rasha da ƙasashen da suka kwaikwaye ta. Sojan Faransa bai riƙe waɗannan a matsayin kayan aiki ba, kuma a yankinmu sun fi shigowa ta hanyoyin rikicin Cadi da Libiya. Na biyu, mai rubutun 9 mm P.A.K., galibi ƙirar Turkiyya. Asalinta ta ƙara ce kawai ba ta fitar da dalma, amma ana sauya ta a ɓoye ta zama mai kisa, kuma jami'an Nijar sun sha kama irinta. Waɗannan ba maganar rajista ba ce, maganar miƙawa ce cikin gaggawa.

A rubuta duk abin da aka gani a takarda ɗaya: sunan masana'anta, samfuri, girman harsashi, lamba da harafin da ke gabanta, da adadin harsasan da ke waje. A ɗauki hoton gindin harsasan ma, don akwai alamar masana'anta a nan, sau da yawa har da shekara. Hotunan su tsaya a waya ɗaya. Kada a sa su Facebook ko zauren dangi na WhatsApp don neman wanda ya san irinta. Ɓarawo yana gani, mai neman saye yana gani.

Takardun da ke tare da ita

A zazzage akwatin tsaf. Littafin soja na marigayi, katin tsohon soja, takardun fansho, takardar sallama daga aiki, tsohon izinin riƙe bindiga ko da ya yage, rasit na harajin bindiga, hoton da ya ɗauka da kaki. Waɗannan su ne za su nuna cewa makamin ya daɗe a gidan kuma ta hanyar aikin marigayi ya shigo. In an sami izini, a gwada lambar da ke kai da ta jikin bindiga harafi bayan harafi. In sun dace, aiki ya yi sauƙi ƙwarai. In ba su dace ba, a faɗa wa jami'i da baki kafin ya gano da kansa.

Zaman dangi

Kada mutum ɗaya ya yi gaban kansa, ko shi ne babban ɗa. A tara magada, har mata da wakilin marayu, a kira malamin da zai raba gado. A irin wannan zama ba a rasa dattijon da zai ce, "Kai yaro, a bar kaza cikin gashinta. Shekara hamsin tana gidan nan wa ya sani?" Ba a yi masa gardama. Ana iya cewa, "Gaskiya ne Baffa, amma da Baba yana raye sunansa ke kāre ta. Yanzu in aka yi bincike a unguwa, ko wani yaro ya ɗauka, sunan wanda ke cikin ɗakin za a rubuta. Gara mu je da ƙafarmu."

A gaya wa malam gaskiyar asalinta. Kafin rabo ana fitar da kuɗin jana'iza, da bashi, da wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, kuma abin da ke hannun mamaci na wani ne ba ya shiga rabo ko kaɗan. Bindigar da runduna ta ba soja don aiki amana ce, kuma aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a mayar da amana ga masu ita. Ni a ganina yawancin bindigogin soja da ake tararwa a akwati nan suke faɗawa. In kuwa ta tabbata mallakar marigayi ce ta halal, kuma ɗaya daga cikin magada ya sami izini, sai a yi mata ƙima a cire daga kasonsa. Amma ba a sayar wa wani a ɓoye don a raba kuɗin. Wannan fataucin makami ne, kuma ba wanda ya san ƙauyen da za a je a harba ta.

A zaman nan a naɗa wakili ɗaya. A nemi takardar shaidar mutuwa a ma'aikatar magajin gari ta da'irar da aka yi rasuwar. Maraɗi da'ira 3 ce. In lokacin da aka ƙayyade na sanar da rasuwa ya wuce, sai an bi ta gidan shari'a a sami hukuncin da ke maye gurbinta. Daga nan a kai sakamakon zaman dangi gaban alƙali, a karɓi takardar da ke nuna su wane ne magada da wanda suka wakilta.

Zuwa wajen hukuma

Zuwan farko ba a tafiya da bindiga. Wannan shi ne abin da na fi jaddadawa. Mutum ya sa ta cikin aljihun babbar riga ya hau kabu-kabu da niyyar kai wa komisariya, in aka tsayar da shi a shinge, niyyar da ke zuciyarsa ba takarda ba ce. A je da hotuna, da takardar bayanin da aka rubuta, da katin ɗan ƙasa, da takardar mutuwa. Cikin gari komisariya ake zuwa, a ƙauye kuwa birgad ta jandarma mafi kusa. Yana da kyau a fara sanar da mai unguwa ko hakimi, in zai yiwu ya raka ku ko ya haɗa ku da wakili, don shaidarsa kan gidan tana da nauyi.

A nemi ganin shugaban wurin, kada a tsaya bayani a bakin ƙofa. Magana gajeriya ta isa: "Ranka ya daɗe, mahaifinmu ya rasu, tsohon soja ne. Wajen ƙidayar kayansa muka tarar da wannan. Hoto kawai muka ɗauke ta, tana kulle. Mun zo mu sanar, a gaya mana yadda za mu yi." Galibi za su turo jami'i ya ɗauko, ko su faɗi rana da yadda za a kawo. Duk yadda aka yi, kada a rabu da ita sai an karɓi takarda mai hatimi da sa hannu, ɗauke da iri da lamba da adadin harsasai da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa. A karanta kafin a sa hannu. Wanda ba ya jin Faransanci ya je da mai ji. In marigayin yana da wata matsala da hukuma, ko bindigar ta fito cikin ire-iren nan biyu da na ambata, mai tauraro da mai rubutun P.A.K., a ga lauya kafin a je.

Neman izini da sunanka

Dokar da aka daɗe ana aiki da ita kan makaman farar hula ita ce ta 23 ga Afrilu 1963, mai lamba 63-074, kuma tun daga sunanta ta ce kan bindigogin farauta da na wasan harbi take, ta ware makaman soja da na 'yan sanda. Kundin hukunta laifuka na 1961 kuma ya tanadi ɗauri ga mai riƙe bindiga ba izini. Ma'aikatar cikin gida a Yamai ita ke da ikon ba da izini. Ofisoshin jiha suna karɓar takardu ne su yi bincike su tura.

Mai nema zai rubuta takardar roƙo zuwa ga ministan cikin gida ya manna tambur, ya faɗi irin bindigar da lambarta da yadda ta zo hannunsa da dalilin da ya sa yake so. Abubuwan da aka saba haɗawa su ne takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure shi ba, shaidar wurin zama, takardar likita da hotuna, sai takardun gadon da tsohon izinin marigayi in akwai. Takardar kotun nan wata 3 take aiki, kuma a kotun yankin da aka haifi mutum ake karɓa, don haka a bar ta ƙarshe kada ta mutu ana jiran sauran. A karɓi jerin abin da ake bukata daga bakin ofishin da zai karɓi takardun, a biya kuɗi inda ake ba da rasit kawai. Za a yi binciken hali, a tambayi mai unguwa da maƙwabta. Duk tsawon wannan lokaci bindigar tana ajiye wajen hukuma, kuma hakan kariya ce gare ku.

Kada a sa rai da yawa. In an ƙiyasta ta cikin makaman yaƙi, ko lambarta ta fito a rajistar runduna, ba za a mayar ba. Ƙasar tana da hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, wato CNCCAI, wadda aka kafa a 1994 lokacin tawayen arewa, kuma mutane da yawa suna tuna ranar 25 ga Satumba 2000 da aka ƙona makamai a bainar jama'a a Agadas. Tarayyar Afirka ma tun 2017 ta ware watan Satumba na kowace shekara don masu miƙa makami da kansu. Amma wanda ya tsinci bindiga a Janairu ba zai zauna jiran Satumba ba.

Na san akwai zafi. Abin da tsoho ya adana shekaru yana shafa masa mai, a ce ya bar gidan. Shi ya sa nake ba da shawara a yi hotunan da kyau tun farko, a wanke mafi kyawunsu, a haɗa da littafin soja da lambobin yabo da kwafin takardar miƙawa cikin jaka ɗaya. A sa wanda ya iya Faransanci ya karanta littafin ya rubuta wa jikoki da Hausa: shekarar da aka ɗauke shi, bataliyarsa, tashar jirgin ruwan da ya tashi, ƙasashen da ya taka. Kube na fata da ɗamara, in ba a bukace su ba, a roƙa a bar wa iyali.

Wanda kuma aka ba izini, ya karanta abin da takardar ta halatta masa, don ajiyewa a gida daban, yawo da ita daban. Ya ajiye bindiga a kulle, harsasai a wani wuri, ya lura da ranar sabuntawa, ba aro ba jingina. In ta ɓace ko an sace, ya sanar a ranar. Kuma takardar Nijar iyakarta Ɗan Isa: in magajin da ya fi son ta a Katsina yake zaune, ba a tsallaka masa da ita, don Najeriya tana da tata dokar da nata lasisin, kuma ƙetare iyaka da makami laifi ne a ɓangarorin biyu.